Sandar Kamun Kifi Ta Zamani: Yadda Ake Karanta Lambobinta Kafin A Biya Kuɗi

Bidiyon kamun kifi ya cika TikTok da YouTube a 'yan shekarun nan. Za a ga wani Bature ko ɗan Koriya tsaye a bakin teku, ya ɗaga doguwar sanda baƙa, ya wulwula ta sau ɗaya, zare ya tafi kamar ba zai tsaya ba. Can an jima ya kama murza hannun inji har ya jawo kifin da ya kai masa ƙugu. Saurayin da ke zaune a majalisa a Fagge in ya kalli irin wannan sau uku ko huɗu, manhajar ta gane shi ma ya kamu, sai ta fara turo masa tallan sanduna daga AliExpress da Temu da Jumia. Kafin mako ya zagayo ya zuba ɗaya a kwandon saye, kuma galibi wadda ya ɗauka ita ce mafi tsawo da kauri a shafin, mai rubutun "Surf Rod 4.2m 100-250g", don ita ce ta yi kama da ta bidiyon.

Matsalar ita ce an ƙera wannan sandar ne domin teku, kuma daga Kano zuwa teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Kuɗin da za a biya kuwa da dala ake lissafa shi, wanda duk ya leƙa Wapa ya san yadda farashinta yake. In kaya ya iso bai dace ba, mayar da shi Sin ya fi sayen wani wahala. Saboda haka ya kamata mai saye ya iya karanta ɗan rubutun da ke jikin sanda, sama kaɗan da wurin riƙo, kamar yadda yake karanta RAM da ma'adana da ƙarfin batir kafin ya sayi waya.

Me ya sa sandar teku take da tsawo haka?

Mai kamun kifi a bakin teku, a wurare irin su Tarkwa Bay ko Lekki ko Badagry a Legas, yana fama da abu biyu. Na farko igiyar ruwa: tana fashewa ne kusa da gaɓa, shi kuwa yana son ƙugiyarsa ta faɗa bayan inda take fashewa. Na biyu jan ruwa: teku ba ya tsayawa, in dalmar da ke riƙe ƙugiya ba ta da nauyi, cikin minti ɗaya ruwa zai mirgino ta ya dawo da ita gaban mai ita. Shi ya sa suke jefa dalma mai giram 120 ko 150 ko fiye, wani lokaci mai ƙafafun waya da ke kafewa a yashi. Sanda mai mita 3.6 zuwa 4.5 ita ke iya cilla wannan nauyin nesa, kuma in an kafa ta a tsaye tana ɗaga zare sama da kan igiyar ruwa.

Ruwan da ɗan Kano zai je ba haka yake ba. Mafi girma shi ne dam ɗin Tiga, wanda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, wato in mutum ya tsaya a bakinsa a wasu wuraren sai ya ɗauka teku ne. Akwai Bagauda kusa da shi, akwai Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992, akwai Watari a Bagwai, da Thomas ta ɓangaren Dambatta. Dukkansu ruwa ne kwantacce. Iska takan tayar da 'yar igiya, musamman da hunturu, amma ba irin wadda ke ɗauke dalma ba. Giram 30 zuwa 80 ya isa ya zaunar da ƙugiya a ƙasa yini guda.

Duk da haka jifa mai nisa tana da amfani a dam, kuma a nan ne darasin bakin teku ya shafi Kano. Da rani ruwan Tiga yana ja baya saboda ana sakinsa zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura, sai bakin ya zama shimfiɗaɗɗe, mutum ya yi taku ashirin a ciki ruwa bai wuce gwiwa ba. Manyan kifaye da rana suna can inda ya fara zurfi. Wanda ba shi da jirgi ko dai ya shiga ruwa, ko ya jefa daga tudu. Shiga ruwan kuwa ba abin so ba ne, domin kwantaccen ruwa mai ciyawa shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Sandar da ke kai ƙugiya mita 40 ko 50 tana barin mutum a busasshiyar ƙasa.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci

Yawancin masu saye tsawo suke fara dubawa, alhali nauyin jifa ne ya kamata a fara da shi. Ana rubuta shi da "C.W." ko "Cast Wt" ko "Lure Wt", sai lambobi biyu, misali 40-100g. Ma'anarsa sandar tana aiki daidai in abin da ke rataye a bakin zaren, dalma da ƙugiya da abincin da aka soka, ya faɗa tsakanin giram 40 da 100. Inda ta fi daɗin jifa yakan kasance wajen tsakiya.

Dalilin yana cikin yadda sanda ke jifa. Ƙarfin hannu kaɗai ba shi ke kai dalma nesa ba. Lokacin da aka wulwula, nauyin dalmar yana lanƙwasa sandar baya, ta tara ƙarfi kamar danƙon harbin tsuntsu, sannan ta miƙe ta harba shi gaba. In aka ɗaura dalma mai giram 30 a sandar da aka rubuta wa 100-250g, ba za ta lanƙwasa ba ko kaɗan, zai zama kamar mutum yana jifa da taɓarya: kafaɗa ta yi ciwo, dalma ta faɗi kusa. In kuma aka ɗaura giram 150 a sandar 10-30g aka wulwula da ƙarfi, ƙarar karyewa za a ji. Wanda ya sayi sandar teku don Tiga yana tsakanin biyun nan: ko ya yi ta jefa dalmar da ta fi buƙatarsa nauyi, wadda ke nutsewa cikin taɓo ta ja abincin ƙugiya tare da ita, ko ya sa ƙarama ya rasa nisan da ya biya kuɗi dominsa.

Sandunan da aka yi wa kasuwar Amurka da oza suke rubutu. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗori, don haka 2-4oz na nufin kimanin giram 56 zuwa 113. Tsawo kuma da ƙafa: 9ft mita 2.7 ce, 10ft mita 3 da kaɗan, 12ft kusan mita 3.66. Kalkuletar waya ta isa wannan aikin, ko a rubuta wa Google kai tsaye ya juya.

Wani abin lura: masu fatsa da yawa a nan ba dalmar shago suke amfani da ita ba, tsohon fulogin babur ne ko noti, kuma suna aiki sarai. Sai dai a auna su. Ƙaramin sikelin dijital irin na masu sayar da turare ko na kicin zai faɗi nauyinsu cikin daƙiƙa, a daina kintace. Haka mai niyyar sayen na'urar gano zurfin ruwa da ake jefawa, irin ta kamfanin Deeper da ke haɗuwa da waya ta Wi-Fi ta nuna ƙasan ruwa a sikirin, ya tuna cewa samfurin PRO nata giram 100 ne. Sandar da iyakarta giram 60 ba za ta jefa ta lafiya ba.

Tsawo

Gaskiya ne doguwar sanda ta fi kai wa nesa, amma a hannun wanda ya iya. Sabon hannu mai sanda mita 4.2 sau da yawa mai mita 3 da ya ƙware yana wuce shi. Doguwa tana da nauyi, tana buƙatar fili a baya babu bishiya babu mutane, kuma in kifi ya kama, tsawon nata kifin yake taimaka wa, domin yana jan mutum ne daga can ƙarshen doguwar sanda. A bakin dam, mita 2.7 zuwa 3.6 ita ce iyakar da hankali zai ɗauka. Ƙasa da haka nisa ya ragu, sama da haka wahala ta ƙaru ba riba.

Akwai dabarar bincike da ke rage ɓata lokaci. Maimakon a rubuta "surf rod" a akwatin nema, a rubuta "carp rod" ko "feeder rod". Waɗannan an yi su ne domin tafkunan Turai, inda ake zama a gaɓa a jefa dalma matsakaiciya cikin kwantaccen ruwa a jira kifin ƙasa, wato daidai abin da mai neman tarwaɗa zai yi a Tiga ko Watari. Sandunan "carp" suna da nasu ma'aunin, za a ga 2.75lb ko 3lb ko 3.5lb, wani lokaci da haruffan TC. Lambar tana nufin nauyin da in an rataya zai lanƙwasa kan sandar har ya yi kusurwa 90 da gindinta. Ƙiyasin da masu sana'ar ke yi shi ne kowace laba ɗaya tana jefa kusan oza ɗaya, don haka mai 3lb tana daɗin giram 85 ko kusa da haka.

Ƙarfi da yanayin lanƙwasa

Waɗannan biyun ana yawan cakuɗa su. Ƙarfi shi ne haruffan L, M, MH, H, daga mara ƙarfi zuwa mai ƙarfi, yana nuna girman kifin da sandar za ta iya juyawa. Yanayin lanƙwasa kuma shi ne "Fast", "Moderate", "Slow", yana nuna inda take lanƙwasawa. Ta farko can kanta kawai ke sunkuyawa, ta biyu har zuwa tsakiya, ta uku kusan duk jikinta.

Wane kifi ake nema? A ruwayen arewa abin da ƙugiya ta fi kamawa shi ne tarwaɗa, da karfasa, da ragon ruwa, da ƙurungu. Mai son ganin girmansu na yau da kullum ya zaga kasuwar kifi ta Galadima da safe, zai ga cewa kifin da ake kamawa kullum ba ya kai na bidiyo, kuma giwan ruwa irin na hotunan bikin Argungu ba abin da ake tsara saye a kansa ba ne. Ga tarwaɗa da ragon ruwa, M ko MH mai lanƙwasa "Moderate" ta fi. Dalili shi ne abincin da ake sa musu mai laushi ne, tana ko hanjin kaza ko yankan ƙaramin kifi, kuma sanda mai saurin miƙewa takan fizge shi daga ƙugiya tun a iska. Mai lanƙwasa zuwa tsakiya tana tura shi a hankali, kuma in babbar tarwaɗa ta yi fizga kusa da gaɓa, jikin sandar ne ke shanye fizgar maimakon zare.

Karfasa kuwa ba ta buƙatar duk wannan. A gefen ciyawa take kiwo, bakinta ƙarami, cinta a hankali. Sandar gora da zare da ƙaramar ƙugiya, irin fatsar da yaran ƙauye ke yi, takan fi sandar dala talatin kama ta. Wanda karfasa kawai yake so ya riƙe kuɗinsa, ko ya sayi 'yar ƙarama mai mita 2.1 da nauyin jifa 5-25g.

Kabon, zaren gilas, da ƙaryar talla

Da abu biyu ake yin sanda: zaren gilas ko zaren kabon, ko a haɗa su. Ta gilas tana da nauyi da arha, kuma tana jure duka. Ta kabon ba nauyi, tana isar da motsin kifi zuwa hannu, amma in ta bugu da dutse ko ƙarfen mota takan yi rauni a ciki wanda ido ba ya gani, sai ranar da aka jefa da ƙarfi ta karye a wurin. Sandar da za ta shiga adaidaita sahu daga Sabon Gari zuwa tasha, a danna ta a bayan mota tare da buhuna, ta sauka a bakin ruwa mai duwatsu, gara ta kasance haɗin biyun. Shahararriyar sandar nan Ugly Stik ta kamfanin Shakespeare, da ta fito tun 1976, da irin wannan haɗin ta yi suna wajen ƙin karyewa.

A nan ne talla ke yin abin da take yi wa masu sayen pawa banki. Kowa ya san wanda aka rubuta wa 50,000mAh amma bai cika waya sau biyu. A sanduna za a ga "99% Carbon", ko 24T, 30T, 40T, ko IM6, IM7, IM8. Lambobin T suna da ma'ana ta gaske, suna nuna taurin zaren kabon: mafi girma ya fi tauri da rashin nauyi, ya kuma fi saurin tsagewa, saboda haka 40T ba lallai ta fi 24T dacewa da sabon hannu ba. Lambobin IM kuwa babu hukumar da ke tilasta ma'aunin su, IM8 na wani kamfani zai iya zama ƙasa da IM6 na wani. Yawancin sandunan da ke waɗannan shafukan daga birnin Weihai na lardin Shandong a Sin suke fitowa, inda masana'antun sanda suka taru, masu kyau da na banza duk a gari ɗaya. Kasancewar sanda 'yar Sin ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne wadda aka manna wa sunan Shimano ko Daiwa na Japan, ko Penn na Amurka, a farashin da bai kai rubu'in na gaske ba. Wannan jabu ce, kuma gara sanda mai sunan ƙaramin kamfaninta na gaskiya da mai sunan aro.

Lamba ɗaya da ke da wuyar yi wa ƙarya ita ce nauyin sandar kanta. In sanduna biyu tsawonsu ɗaya, nauyin jifarsu ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya nauyi, to mai nauyin gilas ce ko me aka rubuta a jikinta.

Mai shigewa cikin juna ko mai gaɓa biyu?

Sanda mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo ita ta fi yawa a intanet, don tana naɗewa ta shiga ƙaramin kwali, kuɗin jigila ya ragu. Tana da daɗin ɗauka, wannan ba musu. Amma kowace gaɓa wurin rauni ce, zobbanta sukan juya su bar layi, yashi yakan shiga tsakanin gaɓoɓin ya ci jikinta, kuma in aka fizge ta da ƙarfi wajen buɗewa takan ƙi komawa. Mai gaɓa biyu ko uku da ake sokawa ta fi ƙarfi da daɗin jifa a kuɗi ɗaya. Sanda mai mita 3 mai gaɓa biyu kowane rabi mita ɗaya da rabi ne da ɗan kai, yana shiga adaidaita a karkace. Wanda babur ne abin hawansa, ko zai riƙa zuwa ruwa sau uku a shekara, mai shigewa ta ishe shi, ya dai riƙa buɗe ta daga kai zuwa gindi, ya rufe daga gindi zuwa kai, ya goge yashi kafin ya rufe.

Zobban da zare ke bi ta ciki su ne inda masu sandar arha ke rage kuɗi. Cikin kowane zobe akwai wani ƙaramin zobe na tangaran mai santsi. In ya tsage ko da kaɗan, zai riƙa kankare zare har ya tsinke ranar da babban kifi ya kama. Zobban kamfanin Fuji na Japan su ne aka fi yarda da su, kuma mai sayarwa da ya sa na gaske ba ya ɓoyewa.

Injin naɗe zare da zaren kansa

Sanda mai kyau da inji mara kyau ɓarnar kuɗi ce. Injin naɗe zare, wanda 'yan kasuwa ke kira ril, girmansa da dubbai ake rubutawa. Sandar teku tana tafiya da 6000 zuwa 10000. Ga sandar dam mai mita 3, 4000 ko 5000 ya isa. Lambar 5.2:1 tana nufin duk murzawa ɗaya ta hannu, abin naɗin yana zagaya sau 5.2. Rubutun "12+1BB" ko "14+1BB" kuwa shi ne megafiksel na wannan kasuwar: yawan boris ne, kuma huɗu masu kyau sun fi goma sha huɗu na gwangwani.

Abin dubawa na gaske shi ne birkin zare, murfin da ke saman inji wanda in an sassauta shi kifi ke iya jan zare da ƙyar maimakon ya tsinka. A ja zaren da hannu: ya kamata ya fito sumul, ba yana tsayawa yana fizga ba. Ana saita shi a kusan rubu'i zuwa sulusin ƙarfin zaren, kuma ledar fiya wata ta isa ma'auni, tunda kowace mai 50cl rabin kilo ce. Zaren da ke tsinkewa a kilo 6 a saita birkinsa ya fara saki a kilo 2, wato leda huɗu a cikin baƙar leda, a rataya kai tsaye daga injin, ba ta kan sanda ba.

Zaren roba mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.40 shi ya dace da mai farawa. Yana da arha, yana ɗan miƙewa, yana jure gogar dutse. Saƙaƙƙen zare ya fi siriri da kai wa nesa, amma yana yanka yatsa wajen jifa in ba a naɗa salatif ba, kuma in ya harɗe a iska sai almakashi. Wanda ya dage sai ya jefa dalma mai nauyi, akwai ƙa'idar da masu teku ke bi: a ɗaura guntun zare mai kauri a gaba, ninki biyu na tsawon sanda ko ɗan fiye, mai ƙarfin laba 10 ga kowace oza ta dalma. Oza 4 na buƙatar laba 40, kusan kilo 18. In ba haka ba zare ya tsinke a tsakiyar jifa, dalma ta tafi ba mai tsayar da ita, kuma a bakin dam akwai masu wanki da yara da masu shayar da shanu.

Wurin saye da gwaji

Ƙugiya da zaren roba da dalma ba sai an yi oda ba, ana nemansu a kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan su, kuma a can mutum zai ji wace lambar ƙugiya masunta suka fi saye, bayanin da babu shi a YouTube. In an ci karo da sanda a shago ko a hannun masu kayan gwanjo, a haɗa ta gaba ɗaya kafin ciniki. A leƙa ta daga gindi kamar mai saita bindiga a ga ko zobba sun yi layi. A haska fitilar waya a jikinta a nemi tsaga, musamman bakin gaɓoɓi. A zura auduga cikin kowane zobe a juya, in ta maƙale akwai tsaga. A girgiza ta a saurara, bai kamata wani abu ya yi ƙara a ciki ba. A ɗaura injin a ga ya zauna daram.

Mai oda ta intanet ya lura cewa farashin da ke kan hoto sau da yawa na mafi gajartar sandar ne, sai an taɓa tsawon da ake so farashin gaskiya ya fito. A tsallake sharhin taurari biyar, a karanta na ɗaya zuwa uku masu hoto, a ga ko a wuri ɗaya take karye wa mutane. Ranar da kaya ya iso a kunna kyamara tun kafin a yanka kwalin, a auna tsawon da tef a cikin bidiyon, domin shi ne hujja in za a shigar da ƙorafi, kuma ƙorafin yana da wa'adi.

Gwajin farko a fili ake yi, da dalma kawai babu ƙugiya, lokacin da babu kowa. Filin ƙwallo cikakke kusan mita 105 ne, saboda haka wanda ya kai dalma tsakiyar fili ya yi mita 50, kuma wannan ya isa yawancin bakin dam. Google Maps ma yana da wurin auna nisa: a danna wuri a riƙe, a zaɓi auna tazara, a ga daga gaɓa zuwa inda launin ruwa ya yi duhu a hoton tauraron ɗan'adam. Hoton ba lallai na wannan watan ba ne, amma yana ba da haske.

Kada a buɗe sabuwar sanda a lungu ko a saman bene don a nuna wa abokai. Kabon yana ɗaukar wutar lantarki, kuma a unguwanni masu cunkoso irin Fagge wayoyi suna ƙasa-ƙasa. Mutum mai tsawon mita 1.7 in ya ɗaga sanda mai mita 4 ya kusa mita 6, kuma babban layi mai 11kV ko 33kV wutarsa tana iya tsallakowa ba sai an taɓa ba. Haka da damina: da zarar hadari ya haɗo aka ji tsawa, a kwantar da sanda a ƙasa a bar bakin ruwa.

A bakin ruwa

Ruwa yana da masu shi. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ba a zuwa kusa da bangon dam ko inda ake sakin ruwa. A garuruwan bakin ruwa akwai Sarkin Ruwa da masunta da suka shimfiɗa kalli da mamari tun asuba. Baƙo ya yi sallama, ya gaida su, ya tambayi inda zai jefa. Wanda ya cilla dalma mita 60 ba tambaya, abin da ya fi yiwuwa ya kamo shi ne ragar wani, kuma ragar nan ita ce abincin gidansa.

Ruwan da ya fi kusa da Fagge da Sabon Gari shi ne Jakara, amma ba wurin fatsa ba ne. Yana kwashe dagwalon birni, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zuba a dam ɗin Wasai ta wajen Minjibir. Mai neman kifin da zai kai gida gara ya biya kuɗin mota ya yi kudu ko yamma.

Sanduna da yawa a hannun mai su suke karyewa, ta hanya biyu. Ɗaya ita ce ɗaga kifi sama da sanda kamar ana ɗaga guga, ko miƙar da ita tsaye cak lokacin da kifi ya zo ƙafa, sai duk nauyin ya koma siririn kanta. A jawo kifi zuwa gaɓa a sa hannu ko ƙaramar raga, a kuma yi hattara da ƙayar tarwaɗa da ta ƙurungu. Ɗayar ita ce fizgar ƙugiyar da ta maƙale a kututture. In ta maƙale, a ajiye sanda, a naɗa zaren a guntun itace, a juya fuska gefe a ja har ya saki ko ya tsinke.

Ga wanda zai fara da Tiga ko Bagauda ko Watari, abin da za a nema shi ne sanda mai mita 3 zuwa 3.3, nauyin jifa wajen 40-100g, ƙarfi M ko MH, lanƙwasa "Moderate", haɗin kabon da gilas, gaɓa biyu, da inji 4000 ko 5000 cike da zaren roba 0.35. Wanda kuma harkar kasuwa ke kai shi Legas yana son ya gwada teku na gaske, shi ne mai buƙatar mita 3.9 ko 4.2 da 100-200g, kuma ya wanke sanda da inji da ruwan famfo duk ranar da ya dawo daga gaɓa, don gishiri yana cin zobba da boris cikin 'yan makonni.